Rumbun Baba da gonar gandu: mu raba ko mu bar shi yadda yake?

Ɗan Gandu (Kumo):
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ke wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa ban tsoma baki ba, amma yau akwai maganar da ta hana ni barci tun da na dawo daga gida, kuma ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin duniya.

Mahaifinmu manomi ne a wani ƙauye kusa da Kumo, a ƙaramar hukumar Akko, kuma shekarunsa sun haura 70. Gonar gandu ya gada daga kakanmu. Da ita ya aurar da ƙannensa, da ita ya rene mu mu tara, maza biyar mata huɗu. Har yau idan ya idar da sallar Asuba ba ya komawa shimfiɗa. Yakan zauna a masallaci sai gari ya waye, ya leƙa shanun huɗa, ya saɓa fartanya, ba a sake ganinsa a gida sai an kira Azahar. Gero da dawa da wake yake shukawa a haɗe kamar yadda ya tarar, sai 'yar masara a bayan gida inda takin dabbobi ya fi yawa.

Abin da ya kawo maganar shi ne hannunsa. Da kaka, dami ɗaya ba ya shiga rumbu sai ya fitar da zakka tun a gona, wannan kuwa babu mai ja da shi a kai. Amma bayan zakka akwai rabon ladan, da na tsofaffin da ba su da mai yi musu noma, da na almajiran makarantar allon da ke ƙofar gidanmu. Sannan a watan Agusta, lokacin da marka ta sauka rumbunan mutane suka zama wayam, sai ya buɗe rumbu na biyu ya riƙa ba da rance, dami a bakin dami, ba ya rubutawa, ba ya kuma bin kowa. Bara ciwon ƙafa ya kwantar da shi, aka nemi kuɗin magani ba a samu abin sayarwa a gidan ba, sai da muka yi karo-karo a tsakaninmu. Daga nan ne yayyena biyu suka ce a sayar da yankin gonar da ke bakin titi, a raba sauran tun yana raye, kowa ya noma nasa, mu kuma mu ɗauki nauyin ci da shansa, ya huta. Ni zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, amma na kasa kawo hujjar da za ta gamsar da su.

Hamma na Tudun Hatsi (Gombe):
Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ni sana'ata sayen hatsi ce, shekara da shekaru ina ganin manoma suna shigowa kasuwa, saboda haka zan faɗi abin da idona ya gani ko da ba zai yi daɗin ji ba. Yayyenka suna da gaskiya. Noman yau ba irin wanda Baba ya tarar ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dakon buhu, da na taki, da na maganin feshi, da ladan 'yan ƙwadago duk sun tashi, kuma manomin da ba ya lissafin abin da ya zuba a gona da abin da ya kwasa, to da sannu gonar za ta cinye shi.

Hatsin da Baba yake rabawa a Agusta shi ne hatsi mafi daraja a duk shekara, domin a lokacin ne farashi yake kaiwa ƙololuwa. Wanda ya karɓi dami a Agusta ya mayar da dami a Nuwamba bai mayar da abin da ya karɓa ba idan aka auna da kuɗi. Ba na cewa a daina alheri, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Har Annabi (SAW) ya gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa barin magada a wadace ya fi a bar su suna roƙon mutane.

Malam Mai Zaure (Azare):
Alhaji, Allah ya saka da alheri, sai dai ina roƙon a ajiye kowace magana a muhallinta. Hadisin Sa'adu, Allah ya ƙara masa yarda, ya zo ne a kan wasiyya, lokacin da yake kwance ba shi da lafiya yana son ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, aka tsayar da shi a kan sulusi. Mutumin da yake da lafiyarsa da hankalinsa, yana ciyar da iyalinsa ba su kwana da yunwa, shari'a ba ta ba 'ya'yansa ikon riƙe masa hannu ba. Maganar dami a bakin dami kuwa, ai haka rance yake a Musulunci: abin da ka bayar shi za a mayar maka, mudu da mudu, ko farashi ya hau ko ya sauka. Da Baba zai ce a ƙara masa wani abu saboda bambancin Agusta da Nuwamba, da ya faɗa cikin riba, wadda ita ce ta durƙusar da gidaje da yawa a karkara ta hanyar bashin da ake ci da damina a biya da kaka ninki biyu.

Ɗana mai tambaya, ga abin da ya kamata ku sani kafin ku zauna. Babu gado sai bayan mutuwa. Abin da yayyenka suke nema sunansa kyauta, kyauta kuwa ba ta inganta sai da yardar mai abu, a mazhabarmu ta Malikiyya kuma ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya wajen kyauta, don haka ba a raba wa maza biyar a manta da mata huɗu.

A kan zakka kuma, tunda an ambace ta, nisabin hatsi wusuƙi 5 ne, kowane wusuƙi sa'i 60, wato sa'i 300 ke nan. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da kashi 1 cikin 10, wanda aka sha wahalar ban ruwa kuwa kashi 1 cikin 20. Gero jinsi ne daban, dawa daban, shinkafa daban, ba a haɗa su don cika nisabi, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya sani. Na kawo wannan ne don a bambance wajibi da tadawwu'i. Wajibin babu mai taɓa shi. Sauran kuwa ana iya yi wa Baba magana a kansa cikin ladabi, amma shawara ce, ba umarni ba.

Adda Maijidda (Dukku):
Allah ya gafarta Malam, na ji daɗi da ka ambaci mata huɗun nan, domin tun da aka fara maganar nake jira in ji ko wani zai tuna da su, da kuma mahaifiyarsu. Ni 'yar manomi ce irin wannan, kuma ina alfahari da mahaifina, Allah ya jiƙansa, amma ina so a faɗi gaskiya: duk damin da maigida ya kyautar a ƙofar gida, akwai macen da ta san nauyinsa a cikin gida. Ita take sussuka, ita take shiƙa, ita take surfe da daka, ita take tuƙa tuwon 'yan gayya tun da duhu, ita ce kuma za ta rage ma'auni idan rumbu ya fara nuna gindi ba tare da kowa ya ji ba. Mahaifiyata ta sha sayar da akuyarta, wadda ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, don a saya wa ƙanina magani, alhali a ranar an fitar da hatsi an ba baƙo. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, tana cewa ladan na kowa ne, amma mu da muke ɗaki ɗaya da ita mun ga abin da mutanen gari ba su gani ba.

Saboda haka, ƙanena, kafin ka tambayi mutanen zaure, shin ka tambayi Inna? Shin an tambayi 'yan'uwanka mata ra'ayinsu a kan gonar bakin titi? A ƙauyukanmu sau da yawa idan aka zo rabo sai a ce mace tana gidan miji, a ba ta ɗan kuɗi a ce ta yafe, ita kuma kunya ta hana ta magana. Ni ban goyi bayan a sayar da gona ba ko kaɗan, domin na ga matan da aure ya mutu suka dawo gida, babu abin da ya rufa musu asiri sai tuwon gandu. Amma idan za a bar gandun, to a bar shi da sanin cewa su ma suna da haƙƙi a ciki.

Ɗan Gandu (Kumo):
Adda, wallahi maganarki ta taɓa ni, domin ban tambayi Inna ba, kuma ban ji ɗaya daga cikin yayyena ya tambaye ta ba. Zan gyara wannan kafin komai.

Malamin Gona (Deba):
Ina so in yi magana a kan gonar kanta, domin kowa ya yi magana a kan hatsi da mutane, ita kuwa ƙasar ba a ce komai a kanta ba. Na shafe shekaru ina yawo a ƙauyukan Yamaltu/Deba da Akko, kuma abin da na fi gani yana kashe noma shi ne gutsuttsura gona. Gonar da za ta riƙe shanun huɗa biyu da amalanke da rumbu uku, idan aka yanka ta gida tara babu yankin da zai iya ciyar da sa ɗaya. Daga nan sai a sayar da shanun, takin gida ya yanke, ƙasa ta gaji, ƙuduji ya mamaye dawa, wanda yake zaune a birni ya ba da nasa yankin haya ga wanda ba ruwansa da gobenta, ƙarshe a sayar wa mai yanka filaye. Gonar bakin titi kuwa idan ta tafi ta tafi ke nan, kuɗinta ba ya sake sayen irinta.

Hamma ya ce noman Baba tsohon yayi ne. Ni ina ganin akwai ilimi a ciki wanda bai kamata a raina ba. Haɗa wake da gero da dawa ba rashin wayewa ba ne: wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa abincin dabbobi ce da rani, gero yana nuna da wuri ya fitar da gida daga yunwar damina, dawa tana jimre wa yankewar ruwa. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa yarda su zuba duk ƙarfinsu a abu ɗaya, kuma ba sa yarda rumbu ya ƙare kafin sabon hatsi ya shigo. Mutanen Gombe sun taɓa dogara da auduga har garin ya yi suna da ita, jirgin ƙasa yana kwasa, amma da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, masaƙu kuma suka riƙa rufewa daga baya, waɗanda suka tsira da mutuncinsu su ne waɗanda ba su taɓa barin hatsi ba.

Inda na yarda da Hamma shi ne gidan yana bukatar hanyar kuɗi. Gombe tana cikin wurare uku na farko, tare da Funtua da Gusau, da aka fara shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, don haka sabon iri da taki ba baƙin abu ba ne a wurin su Baba. Ku ware yanki ɗaya a zuba riɗi ko waken suya, a ce wannan na magani ne da makarantar jikoki. Waken da ake nomawa kuma a daina sayar da shi da kaka saboda tsoron ƙwari. A zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, a ɗaure da kyau, zai kai bazara lafiya ba tare da an sa masa guba ba.

Hamma na Tudun Hatsi (Gombe):
Malam, na karɓi gyara a kan hadisin, Allah ya ƙara ilimi. Maganar riɗi ma na yarda da ita, domin yana da kasuwa kuma ba ya cin taki da yawa. Amma har yanzu akwai tambayar da ba a amsa mini ba. Ranar da Baba ya kwanta ciwo, ina waɗanda suka ci rancensa suke? 'Ya'yansa ne suka yi karo-karo, ba su ba.

Ɗan Tangale (Billiri):
Gaisuwa ga kowa da kowa. Ni Kirista ne, amma da na karanta labarin Baba sai na ga kamar kakana ake siffanta mini. Shi ma ba ya taɓa sabon hatsi sai ya ware na baiko ya kai coci ranar godiyar kaka, daga ciki ake taimakon gwauraye da marayu, kuma maƙwabtansa Musulmi da Kirista duk sun san ƙofar rumbunsa. Hamma, ina so in amsa tambayarka da abin da na gani da idona. Shekarar da kakana ya karye a ƙafa ana tsakiyar noman firi, babu wanda ya kawo masa ko sisi, domin mutanen ƙauye ba su da kuɗi a watan Yuli. Amma wata safiya matasan unguwa suka fito da fartanyoyi, kafin la'asar sun gama gonar, suka dawo suka yi maimai, da kaka kuma suka yanke dawar suka ɗaure suka kai gida. Da a ce 'yan ƙwadago aka ɗauka, kuɗin zai fi na asibitin. Don haka ina tambayar ɗan'uwana mai maganar: bara da Baba yake kwance, wa ya nome gandun?

Ɗan Gandu (Kumo):
Yayana na Billiri, mutanen gari ne suka nome ta. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Magariba, washegari aka yi gayya, har da waɗanda ban san sunayensu ba daga ƙauyen da ke gaba da mu. Mu da muke birni kuɗin magani kawai muka lissafa saboda shi ne ya fita daga aljihunmu, wannan kuwa ko sau ɗaya bai shigo cikin zancenmu ba.

Jikan Arɗo (Nafada):
Ina da ƙarin bayani kaɗan daga ɓangarenmu na makiyaya. Dattijo irin Baba ba hatsi kaɗai yake riƙe da shi ba. Shi ya san inda burtali ya bi tun zamanin iyayensa, shi ya san iyakar kowace gona da itacen da aka yi shaida da shi, kuma idan shanu suka yi ɓarna shi ake kira tare da mai unguwa da arɗo a kimanta abin a biya, magana ta mutu a gindin bishiya ba ta kai ga hukuma ba. A da, bayan an kwashe amfani, manomi da kansa yake gayyatar mu mu sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, a ba mu hatsi mu ba da nono. Inda aka sayar da gonaki ga baƙin da ba su san wannan ba, nan ne ake toshe burtali, nan ne kuma fitina take farawa. Idan kuka zaunar da Baba a ɗaki kuka ce ya huta, ku sani ba gidanku kaɗai ne zai ji rashinsa ba.

Adda Maijidda (Dukku):
Duk na yarda, amma kada daɗin labarin gayya ya sa a manta cewa mutum mai shekara 70 da ciwon ƙafa bai kamata ya wuni a duƙe ba. Cikin maza biyar, wa zai koma ya karɓi fartanyar? Gandu ba ya tsayuwa da kuɗin da ake turowa ta waya kaɗai, sai da mutum a cikin kunyar gona.

Ɗan Gandu (Kumo):
Iyayena da yayyena, na gode ƙwarai. Na je gida ranar Juma'a, kuma kamar yadda Adda ta ce, da Inna na fara. Ta ce ba ta son a sayar da ko taki ɗaya na gonar, amma ta daɗe tana son a bar rumbun da ke cikin gida a hannunta, kada a buɗe shi don kowa sai da saninta, kuma kunya ce ta hana ta faɗa shekaru da yawa. Yayyena mata biyu da na samu a waya sun ce ra'ayinsu ke nan, ɗayar ma ta yi kuka don an tambaye ta.

Bayan Isha'i na zauna da Baba a zaure. Ban kawo maganar rabo ba, na dai tambaye shi dalilin da ya sa ba ya rubuta rance. Ya ce a shekarar farin da aka yi yana saurayi, kakanmu ya wayi gari babu ko zangarniya ɗaya a gidan, wani maƙwabci ya aiko da dami uku cikin dare don kada kowa ya gani, kuma har mutumin ya rasu bai taɓa tayar da zancen ba. Ya ce jikokin mutumin nan suna cikin masu zuwa ƙofarsa a Agusta, to da wane hannu zai rubuta sunansu? Ya yarda da maganar rumbun Inna nan take, har ya ce ya kamata a ce shi ya fara tunaninta. Ya yarda a ware gonar bakin titi a zuba riɗi, kuɗin ya zama na magani, autanmu da ya gama sakandare ya riƙe ta tare da shanun. Rumbun waje kuwa ya ce a bar masa shi muddin yana numfashi.

Babban yayanmu bai gamsu ba tukuna, yana ganin an ɗage matsalar ne kawai, kuma mun sa ranar zama da shi da sauran bayan ƙaramar Sallah, a gaban Bappanmu. Autan ma ban tabbata zai daure da zaman ƙauye ba, domin abokansa duk sun tafi Gombe suna haya da babur. Malamin Gona, idan ba damuwa, ina so ka faɗa mini lokacin da ya fi dacewa a shuka riɗi a irin ƙasarmu mai yashi-yashi, da kuma inda zan samu irin da ba gauraye ba, domin ina so in kai masa da kaina kafin ruwa ya zauna.